Babi na Uku: Bashin da Ido Ke Bin Mu

Shekarun baya na shiga motar haya daga Abuja zuwa Kano. Jiran cikar mota ya sa ba mu bar tasha ba sai bayan Magariba, ni kuwa na samu kujerar gaba kusa da direba. Mun wuce Zariya dare ya fara nisa, hira ta mutu, sai na ga motar tana zamewa gefen titi a hankali a hankali har taya ta hau tsakuwa. Direban ya yi firgigit ya fizgo sitiyari. Na rantse idonsa a buɗe yake, don ina kallonsa.

Wata dattijuwa daga baya ta ce, "Ɗan nan, barci kake yi?"

Ya ce, "Haba Hajiya, ni da barci a kan hanya? Shekarata goma sha biyar ina bin titin nan." Ya ɓantari goro ya jefa baki.

Da muka bi shi da tambaya, ashe tun asuba ya taso daga Kano. Ya sauke fasinja, ya shiga layi, ya sake lodi, ya juyo. Sa'a 18 ke nan bai runtsa ba.

Ban ɗauka ƙarya ya yi wa Hajiya ba. Iyakar abin da ya sani ya faɗa. Idan gajiya ta kai wa ƙwaƙwalwa wuya, takan ɗauke na daƙiƙa biyu, ko uku, ko goma, ta dawo, mai ita bai san an yi ba, wani lokaci ma ido a buɗe. Bahaushe ya riga masu bincike gano wannan, tun da ya raɗa wa barci suna ɓarawo. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu kacal, ta shafe fiye da tsawon filin ƙwallo ba mai tuƙi a cikinta.

A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka gwada mutanen da aka hana barci da waɗanda aka ba giya, don a ga yadda ido da hannun kowa suke aiki tare. Wanda ya yi sa'a 17 ido biyu, aikinsa ya lalace daidai da na wanda giyar jininsa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari, wato matakin da ƙasashe da yawa suke kama direba a kansa. Da aka kai sa'a 24, abin ya ninka. Direbanmu mutum ne mai salla, wataƙila ko warin giya bai sani ba. Da mun ji warinta a bakinsa, ba wanda zai yarda ya hau motar. Amma da ya ce tun asuba yake kan hanya, har da masu yaba masa da ƙoƙarin nema.

Mutumin da ya fi shahara wajen ƙin barci da gangan wani ɗan makarantar sakandare ne a garin San Diyego na Amurka, Randy Gardner, mai shekara 17. Daga ƙarshen Disamban 1963 zuwa farkon Janairun 1964 ya yi sa'a 264 bai kwanta ba, kwana 11 cur, likitoci suna lura da shi, ciki har da William Dement na Jami'ar Stanford. Kafin a yi nisa ya fara faɗan babu dalili, harshensa ya yi nauyi, ya fara ganin abin da babu. A rana ta ƙarshe aka ce ya riƙa cire bakwai-bakwai daga 100. Ya kai 65 ya tsaya. Aka ce me ya faru, ya ce ya manta abin da yake yi. Da aka gama ya kwanta, ya yi sa'a 14 da minti 40 kafin ya farka. Ɓeraye ba su samu irin wannan sauƙin ba. Waɗanda Allan Rechtschaffen ya hana barci gaba ɗaya a Jami'ar Chikago a shekarun 1980 duk sun mutu tsakanin kwana 11 da 32, suna cin abinci fiye da kullum suna ramewa.

Sai dai ba na jin mai karatu zai taɓa yin kwana 11 a zaune. Namu rashin barcin ɗan tsakure ne, yau a rage sa'a ɗaya, gobe a rage biyu. Shi ne ya fi damuna, kuma a kansa aka yi binciken da nake ganin ya fi kowanne muhimmanci a wannan babi.

A 2003 Hans Van Dongen da abokan aikinsa a Jami'ar Fensilbaniya suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 48 masu cikakkiyar lafiya. Wasu aka ba su sa'a 8 a gado kullum, wasu 6, wasu 4, har kwana 14, wasu kuma aka hana su barci baki ɗaya na dare uku. Kullum ana auna saurin hankalinsu da yawan kurensu. Masu sa'a 8 ba abin da ya same su. Masu sa'a 6 kuwa kullum sai sun fi jiya lalacewa, har a ƙarshen mako biyun suka koma kamar waɗanda suka yi dare ɗaya ko biyu ba su runtsa ba. Da aka riƙa tambayarsu yaya suke ji, bayan kwanakin farko sai amsarsu ta tsaya wuri guda: ɗan barci-barci ne, ba wani abu ba. Ma'auni yana nuna suna ta gangarawa, su kuma suna ganin sun saba.

Duk wanda ya ce mini, "Ni sa'a biyar ta ishe ni, jikina ya saba," wannan gwajin nake tunawa. Abin da ya saba da shi gajiya ce. Ya daɗe a cikinta har ya manta yadda garau take, kuma ƙwaƙwalwar da za ta gaya masa ya gaza ita ce ta gaza. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Bambancin wannan bashin shi ne wanda ake bi bai san ana bin sa ba.

Abu biyu ne suke kai mutum gado. Na farko wani sinadari ne da ake kira adinosin, wanda yake taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da mutum ya farka. Yawansa shi ne nauyin idon da muke ji, kuma barci ne yake kwashe shi. Na biyu agogo ne da Allah Ya dasa a cikin kai, wani ɗan curin ƙwayoyin halitta kimanin 20,000 a saman mahaɗar jijiyoyin ido. Da haske yake saita kansa. Idan duhu ya yi, sai ya ba da umarni a saki sinadarin melatonin, zafin jiki ya fara sauka, jiki ya san dare ya yi. Mutum uku da suka gano yadda irin wannan agogo yake juyawa a cikin ƙwayar halitta, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun samu kyautar Nobel a 2017, kuma a jikin ƙananan ƙudaje suka yi aikinsu. Agogon nan yana da gangara biyu a kowace rana: babba tsakanin ƙarfe 2 na dare da asuba, ƙarama bayan Azahar. Kasalar da ke saukar wa mutum da rana tsaka ba tuwon da ya ci ne kaɗai ya jawo ta ba, ko mai azumi yana jin ta.

Goron da direbanmu ya jefa baki yana da kafin, sinadarin da ke cikin shayi da kofi da lemon ƙara kuzarin da ya cika shaguna yanzu. Kafin ba ya rage adinosin ko ƙwaya ɗaya. Wurin zamansa yake tarewa, kamar baƙon da ya riga mai gida hawa tabarma. Adinosin yana nan yana ta taruwa a bakin ƙofa, kafin na sakin jiki ya afko gaba ɗaya. Kuma kafin ba ya saurin fita: bayan kimanin sa'a 5, rabinsa yana nan a jini. Goron bayan La'asar yana tare da mai shi har ƙarfe 10. Balle shayin da samari suke dafawa a fada, wato majalisarsu ta hira, a Zindar ko Maraɗi, zagaye uku bayan Isha, ko kofin da ake kaɗawa a teburin mai shayi a Kano da tsakar dare. Akwai mai cewa shi ko ya sha yana barcinsa. Yana yi, amma barcin ba ya nitsewa yadda ya kamata.

Ɓarnar kuwa ba a kai kaɗai take tsayawa ba. A 1999 Eve Van Cauter da abokan aikinta a Chikago suka taƙaita wa samari 11 barci zuwa sa'a 4 har dare shida. Samari ne lafiyayyu, amma saurin da jikinsu yake kwashe suga daga jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. A 2004 suka nuna dare biyu kawai na ƙarancin barci yana rage sinadarin da ke sanar da ƙoshi da kashi 18, ya ƙara na yunwa da kashi 28, kuma kwaɗayin ya fi karkata ga zaƙi da kayan fulawa. A 2015 Aric Prather da abokansa suka auna barcin mutum 164 na mako guda, sannan suka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci. Masu barcin ƙasa da sa'a 6 sun ninka masu wuce sa'a 7 kamuwa fiye da sau huɗu. Bugun jini ma yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 idan mutum yana barci, shi ne hutun da zuciya da jijiyoyi suke samu. Shi ya sa a 2022 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta shigar da barci cikin abubuwa takwas da take auna lafiyar zuciya da su, kafaɗa da kafaɗa da abinci da motsa jiki da barin taba. A gidajenmu mai hawan jini ko ciwon suga kowa yana sa masa ido a kan gishiri da tuwo. Da wuya ka ji an tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya.

Ɗalibai ma su ji. Tun 1924 aka gwada wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Cornell, aka ga abin da suka haddace suka kwana a kansa ya fi zama fiye da wanda suka haddace suka yini da shi. A cikin barci ƙwaƙwalwa take bitar karatun rana ta ajiye shi. Mai kwanan zaune daren jarrabawa yana ɗura ruwa ne a tulun da bai bari ya bushe ba.

To, ina namu barcin ya tafi?

Lissafin ba shi da wuya. Masana sun daidaita a kan cewa baligi yana bukatar sa'a 7 ko fiye. A ƙasar Hausa lokacin tashi ba a hannun kowa yake ba, ladan ne yake yanke shi, wajen ƙarfe 5, da ɗan gaba ko baya gwargwadon lokacin shekara. Ka ƙirga bakwai baya daga biyar, ka sauka a ƙarfe 10 na dare. Duk abin da ya haura goma, bashi aka ci.

Iyayenmu da kakanninmu suna da tsarin da ya riƙe wannan lissafi ba tare da agogo ba. A yi Isha, a ci tuwo, yara su ɗan yi dandali ko tatsuniya idan da farin wata, fitilar aci-balbal ta mutu, gari ya yi tsit. Dare mahutar bawa. Da rana kuma idan zafi ya tsananta, manomi ya dawo inuwa, ɗan kasuwa ya kishingiɗa a rumfa, a yi ƙailula. Addini ma a nan ya tsaya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Barza cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin Isha, ba ya kuma son hira bayanta. Da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗauki tsayuwar dare gaba ɗaya, an hana shi, an tuna masa jikinsa da idonsa suna da haƙƙi a kansa. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta lissafa tsakar rana cikin lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya, saboda lokacin tuɓe kaya ne a huta. Duwatsun murhu uku ke nan: kwanciya da wuri, tashin asuba, ƙailula. Mu mun riƙe na tsakiya, mun ture biyun, muna mamakin tukunya ta ƙi zama.

Abin da ya ci daren kowa ya san shi. Wasan zakarun Turai ana take shi ƙarfe 8 ko 9 agogonmu, kafin a watse daga gidan kallo a gama musu an doshi sha ɗaya ko sha biyu. Garaɓasar data ta tsakar dare tana jan samari su jira sha biyu kafin su fara sauke fim. Sai waya a gado. Ana yawan ɗora laifin a kan haskenta, kuma gaskiya haske yana jinkirta melatonin, amma a ganina abin da ke cikinta ya fi haskenta illa. Tatsuniya tana da ƙurunƙus. TikTok da Facebook da WhatsApp an gina su ne yadda ba za su taɓa ƙarewa ba, kuma mutumin da ya karanta labarin kashe-kashe ko ya shiga cacar baki ƙarfe 12, zuciyarsa ba za ta kwanta ƙarfe 12 da minti biyar ba.

Zalunci ne kuwa a tsaya nan, kamar kowa da gangan yake ƙin barci. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, rana tana haura digiri 40, bangon siminti da rufin kwano su sha zafi su riƙa amayo shi har tsakar dare. Jiki yana bukatar ya huce kafin barci ya nitse, ɗakin kuma ya hana. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, janaretan maƙwabci ya tashi, sauro ya fara kiɗa a kunne, mutum shida a ɗaki ɗaya. Wasu masana tattalin arziki sun auna irin wannan rayuwa a birnin Chennai na Indiya, suka fitar da sakamako a 2021. Talakawa 452 suka bibiya. Suna shafe sa'a 8 a kwance, amma barcin da suke samu bai wuce sa'a 5 da rabi ba, kuma yana tsinkewa kusan sau 31 a dare. Aka ba wasu katifa da fanka da matashi da shawara, barcinsu na dare ya ƙaru da minti 27, amma ba a ga amfanin ƙarin a aikinsu ba, wataƙila domin gutsi-gutsi ne. Waɗanda aka ba rabin sa'a su kwanta da rana a wurin aiki, cikin ɗaki mai shiru, su ne aka ga hankalinsu ya ƙara tattaruwa, aikinsu ya ƙaru, ransu ya yi sanyi. Ƙailula ce dai. Ina ganin duk mai shago ko ma'aikata da ke da yara a ƙarƙashinsa, tabarma da rabin sa'a bayan Azahar ba asara ba ce gare shi.

Akwai kuma wadda ba a cika lissafawa ba. Uwar gida ita ce ƙarshen kwanciya, ita ce farkon tashi, tsakanin nan kuma ga goyo yana neman nono. Al'adar tafiya wankan gida, duk abin da za a ce a kanta, tana ba mai jego hannuwan da za su karɓi jariri ta samu ta runtsa. Inda aka daina ta, sai a tambaya wa ya maye gurbin waɗannan hannuwan. Yara kuma 'yan shekara 6 zuwa 12 suna bukatar sa'a 9 zuwa 12, matasa 8 zuwa 10. Yaron da bai ƙoshi da barci ba sau da yawa ba gyangyaɗi yake yi ba, ƙiriniya da kuka da rashin natsuwa yake yi, sai ya sha bulala a kan rashin ji alhali gado yake bukata.

Gyaran yana farawa daga abin da muke da shi. Tashin asuba a lokaci guda kullum, da fita cikin hasken safiya, su ne suka fi komai saita agogon kai, mu kuwa kyauta muka same su. Saura a ja lokacin kwanciya baya, ba a dare ɗaya ba, minti 15 ko 20 duk bayan 'yan kwanaki. A tsayar da goro da shayi mai ƙarfi daga Azahar. A bar waya a wurin caji nesa da shimfiɗa. Lokacin zafi a watsa ruwa kafin a kwanta, a fito tsakar gida idan da tsaro, a ɗaura gidan sauro, wanda ke maganin zazzaɓi da tsinkewar barci a lokaci guda. Ƙailula kada ta wuce minti 20 zuwa 30, kuma a yi ta kafin La'asar, don wadda ta yi tsawo tana tashin mutum da magagi, ta kuma cinye barcin dare. Direban da ya ji ido ya fara nauyi, sauke gilashi da ƙure rediyo ba sa kai shi ko'ina. Gwajin da Jim Horne da Louise Reyner suka yi a Ingila ya nuna abin da ke taimakawa shi ne a tsaya, a sha kofi mai ƙarfi, a kwanta kamar minti 15 kafin kofin ya fara aiki. Wannan ma na isa gari mafi kusa ne.

Wanda ya samu lokaci da wuri amma barcin ya ƙi zuwa, matsalarsa daban ce. Idan abin ya kai dare uku a mako har wata uku, ciwo ne da ake zuwa asibiti dominsa, kuma sau da yawa damuwa ko baƙin ciki ne a ƙarƙashinsa. Juye-juye a gado yana koya wa ƙwaƙwalwa cewa gado wurin tunani ne. Gara idan an kai kamar minti 20 a tashi, a zauna cikin haske kaɗan da tasbaha ko littafi, sai ido ya yi nauyi a koma. Tun 2016 babbar ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce irin wannan horon ɗabi'a da tunani shi ne maganin farko, kafin ƙwaya. Ina roƙon mai karatu kada ya aiki yaro kemis a sayo masa Valium. Tana kwantar da mutum, amma jiki yana saurin sabawa da ita, gobe ɗaya ba ta isa, barinta kuma ya zama wani ciwon. Mun ga inda maganin tari mai kodin ya kai 'ya'yanmu maza da mata kafin gwamnatin Nijeriya ta hana shi a 2018.

Sai minshari, wanda muka mayar abin tsokana tsakanin abokan wasa. Wani minsharin ba komai. Amma akwai wanda maƙogwaro yake rufewa gaba ɗaya, numfashi ya ɗauke daƙiƙa 10 ko fiye, mutum ya yi gurnani ya fizgo iska, ya koma, haka sau da dama a kowace sa'a har gari ya waye. Mai wannan yakan kwanta sa'a 8 ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya yi gyangyaɗi a masallaci da wurin taro, hawan jininsa ya ƙi jin magani. Ya fi kama masu ƙiba da masu kaurin wuya, kuma yana da magani, daga rage nauyi da kwanciya a gefe har zuwa na'urar da ke hura iska ta hanci. Shi mai abin ba ya jin kansa, don haka ranar zuwa wurin likita ya tafi da matarsa, ita ce take kwana tana sauraron inda numfashin yake tsayawa.